Ranar da Muka Cika Gidan Dokas

Danga ɗaya ce ta raba gidanmu da gidan Dokas, dangar kara wadda akuyata ta riga ta cinye rabinta. Shekara ashirin da biyu muna maƙwabtaka a ƙauyenmu da ke tsakanin Bagwai da Bici. Ita mai zuwa coci ce, ni ina sallata, kuma ban taɓa dafa abu mai daɗi ban miƙa mata ta saman dangar nan ba. Don haka in na ce ni Huseina na kusa jawo mata masifa, a san ba da mugunta ba ne. Son gyara ne ya yi mini yawa, ga shi dama an san ni da rawar kai in an ce baƙo zai zo.

Shekara uku ke nan da hawan jini ya kayar da mijinta Shago a gona. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta sarƙe, sai ya yi minti guda yana kokawa da kalma ɗaya kafin ta fito, har ya gaji ya daina gwadawa. Kafin ciwon shi ake kira in amalanke ta maƙale a taɓo. Ƙato ne, kuma kwanciya ba ta rage masa ƙashi ba. Dokas kuwa 'yar firit ce, in ta tsaya kusa da buhun dawa ba za ka ce ga babba ba. Amma ita ke ɗaga shi, ita ke juya shi, ita ke yi masa wanka, ta kwashe abin da ya fita, ta ba shi abinci a baki. Ɗansu Obed yana can kudu yana gadi, sai Kirsimeti ake ganinsa, 'ya'yan mata biyu kuma aure ya kai su nesa.

Kada a ce mu maƙwabta ba mu da imani. Muna ɗebo mata ruwa, muna kai mata niƙa. To amma wace mace ce za ta shiga ɗaki ta tuɓe mijin wata ta wanke shi? Maza kuma su leƙo daga bakin ƙofa su ce Allah ya sawwaƙe, su saɓa fartanya su wuce. Haka aka saba, ba wanda ya ga laifin kowa.

Da damina ta ja baya na lura Dokas tana yawan dafe ciki in ta miƙe. Na matsa mata har ta ja ni bayan rumbu ta nuna mini. Wani ƙullutu ne kamar ƙwan zabo a ƙasan cibiya, in ta yi tari sai ya turo. Na ce lallai ta je a duba ta. Na zauna a ƙofar ɗakin Shago rabin yini ita kuma ta je babban asibitin Bici. Da ta dawo ta ce likita ya ce ƙaba ce, ɗaukar nauyi ne ya jawo, hanji ne yake leƙowa. Ya sa mata rana: ta zo ran Litinin, a yi mata aiki ran Talata, saura kwana goma sha takwas. Bayan aikin sai ta yi mako shida ba ta ɗaga ko bokitin ruwa ba. In kuwa ta ƙi zuwa, hanjin zai iya shaƙewa wata rana, kuma daga ƙauyenmu zuwa asibiti ba lallai a kai da rai ba.

"To wa zai ɗaga Baban Obed mako shida?" Abin da ta tambaye ni ke nan, ba ta ko tambayi ko aikin da zafi ba.

Ni na tuna da ƙungiyar masu jinya. A ƙaramin asibitin mazaɓarmu akwai wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Bilkisu, wadda ta haɗa kan mutanen da ke jinyar nasu a gida. Duk ran Alhamis suna zama a ƙarƙashin darbejiya, ta koya musu yadda ake juya majinyaci don kada kwanciya ta yi masa gyambo, tana ba da aron keken guragu, kuma tana da 'yan sa-kai biyu da ta horar, mace ɗaya namiji ɗaya. Namijin, Sama'ilu, ya daɗe yana aikin ɗaukar majinyata a asibiti kafin ya ajiye. Shi ake turawa gidan da majinyacin namiji ne, ya yi masa wanka, ya ɗaga shi, mai jinya ta samu ta huta. Sai dai Sama'ilu ɗaya ne, gidaje kuwa da yawa. Don haka Malama takan zagaya da kanta ta gani da idonta, gidan da ya fi shiga matsi shi za ta ba.

Na je na kai sunan Dokas, na faɗi maganar aikin da za a yi mata. Malama ta ce za ta zo ran Asabar da hantsi.

A nan ne shaiɗan ya hau kaina. Ran Juma'a na shiga gidan Dokas na kalle shi da idon baƙo, sai kunya ta kama ni kamar gidana ne. Tsummoki shanye a kan igiya, zanin gado duk taswirar fitsari, fo a bakin ƙofa, ɗakin kuma wari ne wanda hancinmu ya saba da shi amma na baƙo bai saba ba. Na ce, "Maman Obed, ma'aikaciyar gwamnati guda za ta shigo ta tarar da wannan? Ta je ta ce mutanen ƙauyen nan ƙazamai ne, sun bar bawan Allah cikin najasa? Wallahi ba da ni ba."

Ta ce, "Huseina, ƙarfin ne babu."

Na ce, "Ke zauna, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne."

Kafin rana ta faɗi na tara mata bakwai. Muka share gidan har bayan rumbu, muka yayyafa ruwa, muka kwashe tsummokin muka kai gidana muka ɓoye. Na ɗauko zanin gadon da na yi wa 'yata tanadi, sabo fil ko wanki bai taɓa gani ba. Na kawo turaren wuta. Da asussuba na yanka zabuwata, na dama fura da nono mai kyau. Na hana mijina Kamaru zuwa gona, na ce abin kunya ne baƙuwa ta zo ba namiji tsaye a gidan. Na kuma aika wa Zakariya, wan Shago, wanda gidansa bai fi tafiyar shan ruwa ba amma sai ya yi wata bai leƙo ba. Ai kuwa ya zo, cikin babbar rigarsa ta zuwa coci, da mafici a hannu, ya zauna a gefen gado yana yi wa ƙaninsa fifita kamar a nan ya kwana.

Da babur ya sauke Malama Bilkisu, mutum goma sha biyar ta tarar a tsakar gida. Mace ce mai matsakaicin shekaru, ba ta da yawan fara'a, da jaka a kafaɗa da takarda a hannu. Aka shimfiɗa mata tabarma, aka jera gaisuwa, aka tura mata kwanon zabo. Ta ɗan kurɓi fura ta ajiye. Ta shiga ɗaki, ƙamshi ya tarbe ta, ga Shago cikin farar riga a kan sabon zani. Ta duba bayansa da ɗuwawunsa da dugadugansa, ba gyambo ko ɗaya. To ina za a samu gyambo, alhali Dokas ba ta bari ya daɗe a ɓari ɗaya? Malama ta gyaɗa kai ta yi rubutu, ni kuma ina jin daɗi, ina cewa a raina mun fita kunya.

Ta ce, "Wa ke ɗaga shi?"

Zakariya ya karɓe, "Duk wanda yake kusa, Malama. Mu nan ba a rasa hannu. Kamaru, zo mu fitar da shi ya sha iska."

Suka cicciɓe shi su biyu, suka kai shi kan kujera a gindin mangwaro. Tun da Shago ya kwanta, ranar ce ta farko da hannun Zakariya ya taɓa jikinsa ban da musabaha.

Malama ta juya ga Dokas. "Mama, ke fa, ya naki jikin?"

Dokas ta sunkuyar da kai. "Da sauƙi, Malama."

"Kina samun barci?"

"Mun gode wa Allah."

"An ce mini za a yi miki aiki. Wa zai riƙe Baba in kin tafi?"

Dokas ta buɗe baki, amma Zakariya ya riga ta. "Haba Malama, muna raye? Jinina ne fa. Uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya."

Wace mace ce za ta ƙaryata wan mijinta a gaban baƙuwa, a gaban maƙwabta goma sha biyar? Dokas ta hau murza bakin zaninta. Malama ta dube ta, ta ɗan jima tana jira, sannan ta sake yin rubutu. Ta ce gidan nan ya burge ta, da kowane gida haka yake da aikinta ya yi sauƙi. Muka raka ta har bakin hanya muna ta godiya.

Aka cinye zabo, aka shanye fura. Zakariya ya ce zai leƙa wakensa, Kamaru ya ruga gona don ya rama safiyar da na cinye masa, mata suka watse kowa da tukunyarta a kan wuta. Ni ma na kwashi kwanukana na koma gida ina ta yabon kaina. Ina alwalar azahar na ji wani nishi ta bayan danga, irin nishin mai naƙuda. Na leƙa. Ashe duk mun watse mun bar Shago a kan kujera a gindin mangwaro, inuwa ta gushe rana ta same shi. Dokas ta cusa kanta a hammatarsa tana ja, ƙafarsa mai ciwo tana jan ƙasa, ita kuma hannunta ɗaya yana dafe da ciki. Daga mangwaro zuwa ɗaki taku goma sha biyu ne, kuma tun da ya kwanta ba ta taɓa yin gangancin fitar da shi nisan haka ba. Na tsallake dangar na kama ƙafafun, ban ma tsaya tunanin mijin wata ne ba. Da muka kwantar da shi sai ta zame ta zauna a ƙasa, ƙullutun ya turo har ana ganinsa ta cikin zani. Ta daɗe tana danna shi kafin ya koma. Na fara zargin ba alheri na yi mata ba.

Ran Laraba saƙo ya iso. An ba da Sama'ilu ga wani gida a ƙauyen gaba, inda wata tsohuwa ke jinyar ɗanta da mota ta karya wa baya. An ce Malama ta ce gidan Shago Allah ya rufa musu asiri da dangi.

Dokas tana tankaɗe lokacin da na gaya mata. Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Shi ke nan. Ba zan je aikin ba."

"Ba za ki je ba kamar yaya? Ba ki ji abin da likita ya ce ba?"

"Na ji. In na tafi, kwana biyu kawai zai yi a ɓari ɗaya bayansa ya ɓare. Allah da ya riƙe ni shekara uku ba zai sake ni yanzu ba."

Na shiga uku. Na yi wa Zakariya tsinke a gona, na tuna masa abin da ya faɗa a gaban mutane. Ya share gumi ya ce ai bai yi ƙarya ba, suna raye, amma ina ganin dawa ta isa yanka, a bari a gama kaka tukuna. Sannan ya rage murya ya ce, "Kuma Huseina, tsakani da Allah, ni ba zan iya kallon tsiraicin ƙanina ba." Na koma kan Kamaru. Shi mutum ne mai tausayi, amma ya ce, "Ɗagawa zan iya, in ya kuɓuce mini ya faɗi fa? Wanka kuwa ban san ta inda ake farawa ba. Ke kika tara mutane, yanzu ga shi garin neman gira kin rasa ido." Na so in yi masa masifa, na rasa ta inda zan fara, don gaskiya ya faɗa.

Ran Alhamis, saura kwana huɗu, na yafa mayafi na tafi gindin darbejiya. Mutum kusan ashirin na tarar a kan benci da tabarmi. Abin da na ji a wurin ban taɓa jin irinsa a bainar jama'a ba. Wani dattijo, Malam Badaru, wanda matarsa ta rikice ba ta gane kowa, ya ce jiya ya daka mata tsawa har ta yi kuka, kuma ya kasa yafe wa kansa. Ba wanda ya zare masa ido. Wata mata ta ce ita ma ta taɓa yi, ta gaya masa abin da take yi in ranta ya ɓaci: ta fita ta zagaya gida sau uku kafin ta dawo. Na zauna ina mamaki, ashe akwai inda mutum zai ce ya gaji ba a ce ya yi butulci ba.

Da aka tashi na tsare Malama Bilkisu. Na fara da kewaye-kewaye, ta ce, "Inna, akwai masu jirana a ciki." Sai na zube mata komai, tsummokin da na ɓoye, zanin 'yata, Zakariya da maficinsa, har taku goma sha biyun nan.

Ta kafe ni da ido har na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sannan ta ce, "Gida shida na shiga a makon nan, biyar an yi mini shara an yanka kaza. Kin san gidan da na ba Sama'ilu? Gidan da tsohuwar ba ta da ko wanda zai share mata. Ta kama hannuna ta ce, 'yar nan na gaza. Ita kuwa Mama Dokas sau uku na tambaye ta."

"Kunya ce, Malama. Ga wan mijinta zaune."

"Na sani. Nan aka haife ni. Amma ba zan janye mutum daga gidan da aka ce an gaza in kai gidan da aka ce da sauƙi ba, don kawai maƙwabciya ta zo ta ce. Gobe wata maƙwabciyar za ta zo. Sai na ji daga bakinta." Ta gyara jakarta. "Zan sake zuwa. Ba zan faɗi rana ba. Kada ki gaya mata, kada ki gaya wa kowa. Kuma Inna, don girman Allah, kada ki taɓa tsintsiya."

Kwanakin da suka biyo baya ban taɓa ganin masu tsawo irinsu ba. Ran Juma'a duk ƙarar babur da na ji sai na leƙa, sai in ga masu sayen gyaɗa ne. Tsakar gidan Dokas ta koma yadda take, kaji sun barbaza ƙaiƙayi, tsummoki sun dawo kan igiya, hannuna yana ta ƙaiƙayin shara ina danne shi. Duk nishin da ta yi ta bayan danga sai in tsaya cak da muciya a hannu ina saurare ko za ta sake motsi. Ran Asabar ta yi amai sau ɗaya, ta ce kunu ne bai karɓe ta ba, ni kuwa na tuna likita ya ce amai yana cikin alamun shaƙewar hanji. Malama ba ta zo ba. Na fara cewa ko ta manta, ko ta faɗa ne kawai don ta rabu da ni. Tuwon ranar ma ƙonewa ya yi, Kamaru ya ci shi haka nan.

Ran Lahadi da hantsi, lokacin da duk Kiristocin unguwar suna coci, na ji sallama a ƙofata. Malama Bilkisu ce, ba jaka, ba babur, ta sauka a bakin titi ta tako da ƙafa. Ta ce, "Mu je."

Wari ne ya fara tarbar mu. Shago ya ɓata shimfiɗa. Dokas tana durƙushe a kan gado, ta ɗaure cikinta tamau da tsohon ɗankwali, ta sa kafaɗa tana tura shi don ta zare zanin da ke ƙarƙashinsa, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Da ta ga baƙuwa sai ta zabura, ta ja bargo ta rufa masa, ta hau dube-duben tabarma. "Wayyo Malama, sannu da zuwa, ba a gaya mini ba. Huseina, ɗebo mata ruwa."

Malama ta wuce kai tsaye wurin gadon. Ta naɗe hannun riga, ta lanƙwasa gwiwar Shago, ta sa hannu ɗaya a kafaɗarsa ɗaya a ƙugu, ta juya shi a hankali kamar ba nauyi. Su biyu suka gyara shi, ni ina miƙo ruwa da sabulu ina kau da kai. Da aka gama ta wanke hannu, ta zauna a bakin gado ta ce, "Mama, yau ba kowa. Ya jikinki?"

Dokas ta kalli ƙasa. "Da sauƙi, Malama."

Na ji kamar in kurma ihu. Na finciko ta zuwa bakin ƙofa na ce, "Maman Obed, kin haukace ne? Gobe ne fa! Zakariya ba ya nan, wa kike jin kunya?"

Ta riƙe hannuna gam, ta matso da bakinta kusa da kunnena. "Huseina, yana ji. Bakinsa ne ya mutu, kunnensa ba abin da ya same shi. Mutumin da ya ciyar da ni shekara talatin, in tsaya a kansa in ce na gaji da shi, yana ji?"

Shekara ashirin da biyu ina ganin na san matar nan ciki da bai, ban taɓa kawo wannan a raina ba.

Sai muka ji bugu. Shago ne yake dukan katakon gado da hannunsa na hagu, mai lafiyar. Muka juyo. Fuskarsa ta murɗe, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yawu yana zuba ta gefen baki. Dokas ta ruga za ta goge masa, ya ture hannunta. Malama yake kallo. Ya yi ta kokawa, sautin yana zuwa yana komawa, ba wanda ya yi motsi a cikinmu.

"Ta..." Ya tsaya ya ja numfashi. "Ta... gaji."

Dokas ta ce, "Baban Obed, wa ya ce maka..."

Ya sake dukan gadon, da ƙarfi wannan karon. Hawaye yana gangarowa cikin kunnensa. "Ku... kai... ta."

Dokas ta sulale ta zauna a ƙasa ta jingina da gadon. Kukan da ta yi ban taɓa jin ta yi irinsa ba, ko ranar da aka kawo shi daga gona a sume. Cikin kukan take magana, ba ta kallon kowa. Ta ce rabonta da barcin awa uku a jere tun kafin ya kwanta. Ta ce sau biyu yana kuɓuce mata ya faɗi, ta kwanta a ƙasa kusa da shi har ta samu ƙarfin ja. Ta ce tana tsoron wuƙar likita, amma ta fi tsoron ta mutu a ɗakin nan ya yini yana kallon gawarta ba ya iya kiran kowa. Hannun Shago na hagu ya lalubo kanta ya tsaya a kan ɗankwalinta.

Malama ta bar ta har ta yi shiru don kanta. Sannan ta ce ba za ta janye Sama'ilu daga wancan gida ba, su ma ba su da kowa. Amma zai iya yin safiya a nan ya yi yamma a can, na mako shida, in ya yarda, kuma ta san zai yarda. Sauran lokacin sai an samu maza biyu da za su koya, yau ɗin nan. Ta dube ni. Ban jira ta faɗa ba, na fita da gudu ba ko takalmi.

Kamaru na fara kamowa. Zakariya kuwa a hanyar dawowa daga coci na tare shi, na ce ma'aikaciyar gwamnati tana kiransa, ban ƙara ko kalma ba. Ya shigo da babbar rigarsa yana shirin gaisuwa, Malama ta ce ya tuɓe rigar ya rataye. Ta yaye bargon. Ranar ya fara ganin ƙafar ƙaninsa ta dama, wadda ta tsotse ta koma kamar taɓarya. Ya fita waje, ya daɗe a bayan rumbu, ya dawo idonsa jajir. Sai ya tambaya, "Ina zan sa hannun?" Har la'asar tana koya musu, su juya shi da zani, su zaunar, su kwantar, su sake. In sun yi kuskure Dokas ce ke gyara musu daga inda take zaune, don Malama ta hana ta tashi.

Ran Litinin Sama'ilu ya iso a kan keke tun rana ba ta yi zafi ba, wani siririn dattijo mai 'yar furfura a gemu. Dokas ta shirya tun asuba amma fita ta gagara. Ta kai ƙofar gida ta dawo ta ce kunun kada ya yi kauri, yana shaƙe shi. Ta sake fita ta dawo ta ce in ya ƙifta ido sau biyu fo yake nema. A karo na uku Sama'ilu ya ce, "Mama, shekara ashirin ina wannan aiki." Shago kuma ya ɗaga hannun hagu ya yi mata alamar ta tafi, irin yadda ake korar kaza daga shanya. Ta yi dariya, ta share ido, na ja ta muka fita.

Muka samu mota a bakin titi, aka matsa mana a kujerar baya tsakanin buhunan gyaɗa da wata mai goyo. Ina ta shirya maganganun da zan kwantar mata da hankali da su a kan aikin. Na juya zan fara, sai na ji nauyi a kafaɗata. Ko gonakin ƙauyenmu ba mu gama wucewa ba, Dokas ta yi barci, bakinta a buɗe, hannunta yana dafe da ciki. Motar tana faɗawa ramuka, jaririn yana tsala kuka, ba ta ko motsa ba.

Kafaɗata ta yi tsami har hannun ya mutu. Ban gyara zama ba har muka shiga Bici. Da kwandasta ya buɗe baki zai ce a sauka, na roƙe shi ya fara sauke buhunan.